Tauraro Guda a Jabait

Tauraro guda a kowace kafaɗa,
ko ƙwallon dabino ya fi shi nauyi.
To me ya sa tun saukata a Jabait
nake tafiya kamar mai dakon buhun dawa?

A Wadi Sayyidna an koya mini taswira,
an koya mini kwance bindiga in harhaɗa ido rufe,
an koya mini tsawa
har muryata ta daina kama da ta gidanmu.
Ba wanda ya faɗa mini
mutum talatin da biyu za su tsaya cikin rana
suna karatun fuskata kamar allo.

Takalmin Saje Tiya ya girmi aikina.
Ya sara mini, na amsa,
amma ni da shi mun san wanda ya kamata ya rusuna.

Ranar farko a kan duwatsu
ƙishi ya ci ƙarfina, na buɗe jarka na kafa kai.
Bai ce uffan ba.
Juyawa kawai ya yi ya dubi layin da ke bayana,
leɓɓa sun tsattsage kamar ƙasar Jazira bayan girbi.
Ruwan nan har yau bai wuce maƙogwarona ba.
Tun ranar ni ne na ƙarshe a moɗa,
na ƙarshe a kwanon wake,
na farkon tashi.

Dare na tara muka ɓata.
Taswira ta ce kwari, ƙafa ta ce dutse.
Na haska, na juya takarda, na sake juyawa,
numfashinsu yana dukan ƙeyata.
Ohaj, kurtun da ko fareti bai iya ba,
wanda ya bi raƙuman kawunsa a nan tun bai san wando ba,
ya matso, ya yi ƙasa da murya:
"Ranka ya daɗe, iskar teku ce wannan.
Mun ba ta baya."
Girman kai ya tokare mini wuya kamar ƙayar kifi.
Na haɗiye.
Na ce, "Shige gaba."
Da asuba muka iso rijiyar.
Talatin da biyu cif. Sau uku na ƙirga.

Babana masunci ne a Maiwurno.
Kafin ya taɓa koma, gindin jirgi yake shafawa,
ya ce kafar da ka raina ita ke kai ka ƙasan kogi.
Shi ya sa bayan isha nake bin layi da fitila:
cire takalmi, miƙo ƙafa.
Ta Kuwa ta yi bororo.
Adarob na ɓoye tari cikin bargo.
Hamad wata biyu ba saƙo daga Kosti,
ya daina tsokanar kowa.

Akwai ɗan littafi a aljihun ƙirjina,
ba dabarar yaƙi ko ɗaya a ciki.
Suna, gari, sunan uwa.

An taɓa koya mana rubuta wata wasiƙa,
wadda ke farawa da "Muna baƙin cikin sanar da ku."
Na rubuta a aji, har aka yaba rubutuna.
Yanzu gurbin nan da na bari don suna
ya yi ido, ya yi hanci,
yana cin abinci kusa da ni.

Inna ta aiko da yajin agashe ƙulle a tsumma,
da magana ɗaya ta bakin direba:
"Ka kula da 'ya'yan mutane.
Kai ma ɗan wata ne."

Gobe ƙarfe huɗu za mu sake hawa.
Ɗazu Saje Tiya ya kawo gahawa mai citta,
ya miƙo mini finjalin farko.
Na ce, "Ohaj na gadi, kai masa."
Ya ɗan tsaya.
Duhu ne, ban ga fuskarsa ba,
sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin tsohon takalminsa
tana nufar bakin waya.