Falle Biyu Na Kitse

Ƙarfe uku da rabi a Tartu, duhu ya riga ya sauka,
kogi ya daskare har gindin gada.
Piret Laanemets ta kashe fitilar ɗakin bincike,
abin da take nema ba ya son a haska masa ido.

A kwalba akwai ruwa ja kamar zoɓo.
Zinare ne, an mayar da shi mitsi-mitsi
har ya manta launin da aka san shi da shi.
Jera dubu ɗaya, da ƙyar su kai kaurin gashin gira.

Ta ɗiga.

Can ƙarƙashin madubi ƙwayar halitta na kwance
cikin tantaninta, falle biyu na kitse,
ba ƙofa, ba taga,
yana motsi kamar mai a fuskar miya.
Wannan ne duk katangar da ta raba rai da waje.

Wata goma sha ɗaya tana aika baƙi.
Na farko sun zo da zafin kai, suka huda, gidan ya mutu.
Na biyu ruwan jini ya yi musu riga tun a hanya,
tantani ya shinshina rigar, ya kau da kai.
Kaarel, ɗalibinta, ya rubuta a allo: ba su shiga ba,
ya ja layi biyu, ya tafi cin kyafaffen kifi.

Yau ɗigon haske ɗaya ya tsaya.
Tantani ya lotsa,
ya yi kumatu,
ya naɗe baƙon a hankali kamar mai ƙulle kuɗi a bakin zane.
Piret ta riƙe numfashi har gilashinta ya daina gumi.

Ya shiga.

Amma ta jira, don shekaru sun koya mata jira.
Minti arba'in, ɗigon na cikin jakar da aka sa shi,
yana cikin gida, bai ga kowa ba.
Da magani aka ɗora masa, da nan zai ruɓe.

Ta rubuta: shiga ba isa ba ce.
Ta goge, ta sa lambobi kawai.

A waje ƙanƙara na sauka a kuncinta tana narkewa.
Ta tsaya a kan gada, hannu a aljihu,
tana jin jikinta duka,
tantani bisa tantani,
yana cewa i, yana cewa a'a,
ba tare da ya nemi shawararta ba.