Sukuru Huɗu

Shekara talatin na yi a tashar jiragen ruwan Valparaíso
ina ɗaure notin da ya fi dunƙulen hannuna.
Ƙarfe ya yi ƙara, in ce masa yi shiru, ya yi.
Yau ga ni durƙushe a matakalar unguwa
ina laluben abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Motar Nahuel ce, jikana,
ja, mai rimot, tayoyi kamar na tarakta.
Ranar Lahadi ya sako ta daga saman tudu,
ta ƙirga matakala goma sha bakwai da ka,
ta tsaya ƙofar mai gasa burodi, ciki a sama,
taya ɗaya na ta juyawa kamar bai ji labari ba.
Ba abin da ya karye.
Sukuru huɗu ne suka yi nasu wuri.

Na ɗaura maganaɗisu a zare, na ja shi lungu-lungu.
Ya kamo mini ƙusa mai tsatsa,
marfin kwalba,
da ƙugiyar wani masunci.

Sai na kwance ɗaya cikin waɗanda suka rage,
na naɗe a takarda, na gangara shagon Leontina.
Ta juya shi a tafin hannu, ta ce,
"Baldomero, mu na ƙofa da na rufi muke sayarwa.
Wannan kaurinsa milimita biyu, tsawonsa shida.
Sai dai a aiko daga Santiago,
ɗari a leda, mako uku."
Ɗari? Huɗu nake nema.
Mako uku kuwa, a wurin ɗan shekara tara,
ya fi duk shekarun da na yi a bakin teku.

Ta ba ni wani mai kama da shi, na gwada a gida.
Zagaye biyu ya yi, ya cije.
Na san wannan cizon.
Ka tilasta masa, ya cinye ramin,
gobe ko na asalin ya zo, ba wurin zama.
Kama da wane ba wane ba ne.
Na janye hannuna.

Evaristo mai gyaran agogo bai tambaye ni komai ba.
Ya zazzage gwangwanin shayi a kan farin ƙyalle:
ragowar kyamarori, ragowar rediyo,
duk abin da ya mutu a garin nan ya bar ƙwaya ɗaya a nan.
Gilashi a ido, hantsaki a hannu,
yana tsinta kamar kaza mai ƙoshi.
Kafin hazon teku ya hawo tudu ya sami uku.
Kuɗi? Ya kaɗa kai.
"In ta tashi, a biyo da ita ta ƙofata."

Saura ɗaya.

Da dare na zauna a kicin, mota a cinya,
idona ya faɗa kan rediyon Herminia,
yana nan inda ta bar shi, a tashar da ta bari.
Na juya bayansa.
Huɗu ne, sun yi shiru a kusurwoyinsu.
Na ce mata, aro ne.
Ba ta ce a'a ba.

Ya shiga ramin sumul,
kamar wanda ya daɗe da sanin gidan.

Da safe Nahuel ya kifa motar, ya sa yatsa,
"Kaka, wannan fari ne, sauran baƙaƙe."
Na ce, baƙo ne, amma ya iya zama da mutane.
Bai tsaya jin sauran ba.

Yanzu in mai labarai ya zo kan yanayin teku,
marfin rediyon yakan ɗan yi rawa,
zzz, daga kusurwar da na yi wa giɓi.
Leontina ta ce ledar ta iso tun jiya.
Ban je ba tukuna.
Ta taga ina jin motar tana zagaye fili,
karen maƙwabta na binta da haushi,
ga kuma wannan ƴar ƙara a bayana,
kamar mai gyaran murya
kafin ta ce in rage wutar shayi.