Minti Tara

Wata uku ke nan ina tafiya cikin kaye mai jan bango,
ƙafata ba ta wuce zaure ba.
Shekara talatin da biyu na yi ina auna gyaɗar mutane,
sikelina bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.
To yau tafiya nake aunawa.

Salmu ta ce mu zo mu ga jika.
Na ce ba za mu faɗo daga sama kamar ƙanƙara ba,
mu sha shayi, mu narke, mu dawo.
Ƙasa za mu bi, a jirgin ƙasa,
ni da na san shi a bakin mutane kawai.

Motar asuba daga Maraɗi zuwa Yamai,
kwana ɗaya gidan ƙanena.
Sama sau ɗaya, ba yadda na iya, har Kazablanka.
Daga nan ƙarfe bisa ƙarfe.
Rabat kwana biyu, Fas uku,
don Hurera na son ta ga majemarsu,
ta murza jar fatarsu ta ji ko ta kama ƙafar tamu.
Tanja, mu haye ruwa.
Madrid, Barsalona,
sai Liyon, inda yarinyar ke jiran mu da bargo.

Kowane gari na ba shi shafinsa.
Masauki kusa da tasha, kada bene ya yi yawa.
Ina gabas take, ina ake saida burodi.
Kuɗinsu na yi ta maidawa jaka-jaka
har fensir ya koma guntun goro.

Ilu ɗan maƙwabta ya duba mini a waya:
akwai tashar da za mu sauka daga wannan mu hau wancan,
tsakaninsu minti tara.
Na ja layi biyu a ƙarƙashi.
Ka ji aiki, ko ƙwaya ba ta zube ba.

Hurera na tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.
“Minti tara, Malam? Da gwiwar wa?”

Da la'asar sakaliya muka gwada.
Na sa bulo biyu cikin akwati
a madadin kilishi da yaji da garin kunu.
Daga gindin bedinmu zuwa famfon Bagalam,
agogo a tafin hannuna.
Yashi ya riƙe tayoyin akwati.
Akuya ta gitta da 'ya'yanta uku.
Sai ga Tasalla mai ƙosai:
ina gajiya, ina gida, ya mai jiki,
an ce ɗan Labo ya yi aure, ba ku ji ba?
Muka isa famfo, jirgi ya yi nisa.
Minti ashirin da shida.

Na ce, “Can ai ba mai tsayar da mu da gaisuwa.”
Ta dube ni, ta dafa gwiwa.
“Shi ne kake murna?”

Da dare wuta ta ɗauke.
Na kama cocila da haƙori, na buɗe kaye.
Na goge Barsalona har takarda ta kusa hujewa.
Na goge tara,
na nemi jirgin baya, mai zuwa bayan awa uku.
A gurbin na rubuta: zama.
Alwala a natse. Kallon mutane.
In wani ya dube mu, mu gaishe shi.

Biza ba ta fito ba tukuna.
Akwati na bakin ƙofa, da bulonsa a ciki.
Amma kwana huɗu ke nan in na dawo masallaci
ina ganin sawun taya biyu a yashi,
sun fita, sun dawo.

Ba ta ce mini komai ba.
Ilu ne ya faɗa mini a kunne:
jiya ta yi shi a sha bakwai,
har da gaisuwa.