Ranar da Muka Sayo a Kanti

Tuuli ta tafi Turku karatu.
Ta bar mini takarda manne a jikin firji,
ta bar mini wata halitta da ba ta kai ɗan yatsana ba.
"Kaka, sunanta Pisara. Kar ki cika taɓa ta."
Ni Aune, mai shekara saba'in da ɗaya,
na raini 'ya'ya uku da karnuka biyu,
yau ga ni ɗaliba a gaban 'yar hawainiya.

A Oulu, cikin Disamba,
rana leƙe take yi kamar wadda ake bi bashi,
kafin ka ce kwabo ta ɓuya.
Shi ya sa muka sayo wata a kanti,
doguwa, siririya, cikin kwali,
muka rataye ta bisa keji.
Bakwai na safe in fito da ita,
bakwai na dare in faɗar da ita.
Ban taɓa zaton zan tsufa
da makunnin rana a hannuna ba.

Ba ta shan ruwa a kwano, wannan 'yar sarauta.
Sai na fesa wa ganye,
sai raɓa ta taru, ta yi nauyi, ta gangaro,
sannan ta matso,
ƙafa ɗaya gaba, ta fasa, ta sake shawara,
kamar mai taka ƙanƙarar da bai yarda da ita ba.
Kofina ya huce sau nawa ina jiran ta sha ɗigo guda?

Gyare kuwa, ni da nake korar ƙuda da tsintsiya,
yanzu kiwonsu nake a kwali,
in ba su karas, in barbaɗe su da farin gari
don ƙashinta ya yi ƙwari.
Ɗaya ya tsere bayan murhu.
Kwana tara yana raira mana waƙar damina
dusar ƙanƙara na zuba a waje.
Veikko na ƙasan bene ya hau ya buga ƙofa,
ya zo da faɗa, ya ga harshenta ya harba,
ya nemi kujera.

Ran da fatarta ta yi fari ta dare,
na kira Tuuli murya na rawa.
Ta yi dariya: "Saɓa take, Kaka, rigar ce ta matse ta."
Na tsinci tsohuwar rigar a ƙarƙashin reshe,
har da safar ƙafa, yatsu a manne.
Tana nan cikin gwangwanin maɓallai.

Sai daren da iska ta kayar da turakun wuta.
Ranarmu ta mutu, bututun ɗumi ya yi shiru,
ma'aunin zafi yana sauka kamar guga a rijiya.
Na haska toci, na gan ta ta yi baƙi,
ta ƙanƙame reshe, ido a rufe.
Takardar firji ba ta ce komai a kan wannan ba.

Na karya doka.
Na miƙa hannu, na jira,
na jira,
ta hau.
Na sa ta cikin rigar ulu, daidai ƙashin wuya,
inda Tuuli ke kwantar da kai tana jaririya.
Ƙananan farata suka kama fatata.
Ban kwanta ba, ban ko yi tari ba.

Biyar da kwata firji ya yi gurnani.
Na buɗe riga a hankali.
Kore ya fara daga wutsiya,
yana hawa kamar ciyawa bayan ruwan farko.
Ido ɗaya ya juya ga fitila.
Ɗayan, na rantse,
ya daɗe a kaina kafin ya tafi neman gyare.