Jirgin da Bai Taɓa Barin Ƙasa Ba

A Kure, bayan layin masu kifi,
inda iskar teku ke cin ƙarfe a hankali,
shagon Fumie yake, matakala goma sha ɗaya ƙasa.
Shekara talatin da biyu nake gyara mata injuna.
Sunana Tsutomu. Hannuna warin dalma yake.

Na can lungu shi ne babba:
akwati mai kujera, mai rumfa irin ta matuƙi,
an zana masa jirgi a haƙarƙari, ja da fari,
fentin ya koɗe inda yara ke jingina.
Ka jefa yen ɗari, ya yi tari, ya farka,
kujera ta karkata hagu, hanjinka ya bi ta,
sama ta buɗe a gilashi, shuɗiya fes,
sai ɗigo-ɗigon abokan gaba suna girma.

Na san shi kamar yunwar cikina.
Na san wayar da ke tsinkewa duk ruwan Yuni,
da ƙunar sigari uku a gefen maɓalli,
da sandar tuƙi da tafuka suka goge
har ta yi santsi kamar dutsen rafi.
Fankarsa daga mataccen firji na ciro.
Lasifikar dama na shaƙewa in an saki linzami;
na bar ta haka, yara sun ce ta fi daɗi.

A saman jerin gwanaye, haruffa uku: N, O, B.
Nobuhiro ne, ɗan mai wanki.
Yanzu bas yake ja, da furfura a saje,
ba ya gudu ko titi ba kowa.
Sau shida na canja batirin da ke riƙe sunansa,
bai sani ba.

Fumie kuwa ba ta taɓa zama ciki ba.
Ta share, ta ƙirga sulalla, ta kashe fitila.
Tana da shekara bakwai na gaske suka zo.
Ta ce ba rugugin ta riƙe ba,
takalmin ƙanenta ne, wari guda, a bakin rami.
Sau ɗaya ta faɗa, ban ƙara tambaya ba.
Na dai lura, in yaro ya kai mataki na biyar,
inda ake ruwan wuta a kan tashar jiragen ruwa,
sai ta tuna ta bar shayi a murhu.

Jiya wani ya zo daga Osaka da farar safar hannu,
ya haska tocila, ya shafa, ya sa farashi.
Mota za ta zo da safe.

Da dare, na ja ƙofa rabi,
ta miƙo tafi: ba ni yen ɗari.
Na ce uwar ɗaki, ai mabuɗi na wurinki.
Ta ce a'a, yadda kowa ke biya.
Na karɓi sandar dogarawarta, ta shiga,
gwiwa na ƙara, ƙafa da ƙyar ta taɓa ƙasa.

Jirgi ya tashi.
Suka taso mata, ɗigo, ɗigo, sai ga fukafukai.
Babban yatsanta na kan jan maɓalli.
Bai danna ba.
Ta ja sanda baya, hanci ya ɗaga,
teku ya sulale, gilashi ya cika da shuɗi,
kujera na jijjiga ta kamar goyo.
Daƙiƙa arba'in, ko da 'yar ɗoriya,
sannan wuta.
Maki: sifili.

Ta jima zaune, haske na rawa a tabarau ɗinta.
Ta ce: ashe daga can ba a ganin kowa.
Na ce tsohon inji ne,
ba shi da ƙarfin zana mutane.
Ta dube ni. Ta ce, to.

Na zare filogi.
Fankar firjin ta ƙara juyi biyu, uku, ta tsaya.
Na buɗe cikinsa don kwashe ciniki,
sulalla ɗaya tak.
Na mayar, na kulle.
Mutumin Osaka zai ji abu na kaɗawa a hanya,
ya ɗauka kusa ce ta kwance.