Mai Gadin Zuciya

Kwana goma sha tara ke nan da suka ɗinke ni a Trabzon,
suka sallamo ni da kati a jaka
da wani abu, bai kai kwalin ashana ba,
kwance ƙasan ƙashin wuyana, ta hagu.
Likita Oktay ya ce, "Inna Nezaket,
ba za ki ma san yana nan ba."
Yaro ne. Bai taɓa kwana da shi ba.

Shekara saba'in da ɗaya zuciyata na aikinta,
ban taɓa ce mata sannu ba.
Ta hau tudun shayi da ni, buhu a gadon baya,
ta binne Rustem, ta yaye 'ya'ya huɗu.
Sai bana ta soma gyangyaɗi a bakin aiki,
ta yar da ni sau biyu a gindin murhu.
Shi ne aka ɗaukar mata mai gadi.

Da rana ba na jin komai.
Sai dare ya raba, ruwan Rize ya tsagaita a kan kwano,
in na juya ɓarin hagu,
wani abu ya kama zillo ƙarƙashin haƙarƙarina,
zut, zut, zut,
shaƙuwa ce da ba ta isa baki.
In koma dama, ya yi tsit.
In koma hagu don in kama shi, ga shi nan.

Wani lokaci kuma ta yi ɗif,
kamar mai kasa kunne ko sallama ake yi,
sannan dam! a maƙogwaro.
In ɗora yatsa biyu a wuya ina ƙirga.
Sittin. Kullum sittin.
Ni da ban taɓa cika alkawari a kan lokaci ba.

Ran Talata na shiga ƙaramar bas zuwa kasuwa.
Hanyarmu gargada ce, kwana bisa kwana,
ina zaune, kwando a cinya, ko yatsa ban ɗaga ba,
sai ƙirjina ya zabura da gudu,
fat-fat-fat, kamar an biyo ni.
Na damƙe hannun wata yarinya da ban sani ba.
Ta bar mini shi har muka sauka.

Gulizar ta bugo daga Bursa.
Na kara wayar a kunnen dama, yadda aka ce.
"Tsoro ne kawai, Mama."
To, na ji. Amma tsoro yana da waya biyu
da aka zura masa ta jijiya?

Jiya na koma.
Ya ɗora mini wani faifai a kan tabon,
ya juya ga allonsa, ya danna,
sai zuciyata ta ƙara sauri a ƙarƙashin yatsansa.
Ya danna, ta lafa.
Rustem ma sai da ya yi damina biyu yana zarya
kafin ya iya wannan.

Ya ce wayar ce ke tsokanar wata jijiya, ya rage mata ƙarfi.
Ya ce girgizar mota ce ta ruɗi na'urar,
ta zaci ina hawan tudu, ta kawo ɗauki.
Na yi dariya har ɗinkin ya ja.
Bawan Allah, ashe taimako yake.
Na tambayi batiri. Ya ce shekara goma, ko fi.
Na ce ni ko shi? Bai ji ba, yana rubutu.

Daren jiya na kwanta ta hagu da gangan.
Shiru. Na jira. Shiru.
Har na ɗan ji babu daɗi.

Sauran mako uku a bar ni in ɗaga hannu sama da kafaɗa.
Almakashin shayi na rataye a ƙusa, can sama,
ganye kuwa ya fara toho, ba ya jiran kowa.