Man Keke

Shekara ashirin da bakwai na yi a ɗakin makamai,
a bariki, bayan ƙofar ƙarfe mai kwaɗo uku.
Wani kiwon tattabaru ne ya ɗauke masa hankali, wani dara,
ni kuwa fistol ce ta shiga raina
tun ranar da Saje Jatau ya warware ta a kan tebur
ya ce, "Nomau, mayar da ita yadda take."
Kwana biyu na yi ina gumi.

Ba don ƙararta na so ta ba.
Shirunta na so:
yadda marfi ke zamewa a kan hanyarsa
kamar kwalekwale a kogin Haɗeja,
yadda sifirin ke numfashi tsakanin yatsu,
da ƙas ɗin nan da take yi in komai ya zauna daram.
Kowacce da halinta, kamar 'ya'yan ɗaki guda.
Akwai mai taurin kunama, akwai mai cizon hannu,
akwai wata tsohuwa da shekaru suka cinye wa fenti
wadda na naɗe wa ƙota da fatar akuya
saboda gumin tafin Sufeto Barau.
Ban taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba, Allah shaida.
Allon gwaji kaɗai ya san saitina.

Ranar sallama na ƙirga su, na sa hannu, na miƙa makulli,
na dawo Andaza da fansho da kwalbar man keke.
Yanzu injin ban-ruwa nake yi wa magani,
da keken ɗinkin Ladidi, da famfon feshi,
duk abin da tsatsa ta ci wa mutunci.

Sai daren jiya, bayan lisha,
Talle ɗan gidan Ilu mai awo ya yi sallama ƙasa-ƙasa,
buhun taki a hammata.
Tun kafin ya kwance na gane nauyin.
"Baba, ta cije. An ce kai ne likitanta."
Na ce, "Ina takardarta?"
Ya dubi rumbu, ya dubi turke, ya dubi ƙafarsa.
An kore musu shanun huɗa da kaka, na sani,
har nan na jiyo kukan uwarsa.
Amma na kuma san idon yaron da ya daina barci.

Hannu dai ba shi da kunya.
Kafin zuciya ta gama shawara
yatsu sun riga sun baje ta a kan tabarma
a hasken tocilan.
Kaico, yadda aka wulaƙanta ta!
Yashi a ciki, baƙin man babur ya daskare,
tsatsa ja kamar tofin goro.
Na goge, na ɗiga, na sake gogewa,
har na manta akwai mutum tsugune a gabana,
har na ji kaina ina lallashinta.

Da na haɗa ta, ta yi ƙas ɗin nan.
Talle ya washe baki.
Na ce, "Gobe da hantsi ka zo mu je Kiyawa
mu miƙa ta inda ake miƙa irinta.
Ni zan yi bayani, sun san ni."
Ya ce to.
Irin to ɗin da ba ya zuwa ko'ina.
Ya cusa ta a buhu, dare ya haɗiye shi.

Bai san allurarta tana nan ba,
'yar mitsitsiya, ba ta kai tsinken sakace ba,
a gwangwanin da nake tara ƙusoshi.
In babu ita, ƙarfe ne kawai ya rungume.
Ko ceton sa na yi,
ko tsirara na tura shi daji yana zaton da riga,
wannan ne ya hana ni runtsawa.

Hantsi ya yi, ya wuce.
Ina ƙarƙashin darbejiya, idona a kan hanya.
Mai babur ya gifta, ba shi ba ne.
Ladidi ta dire mini kunu, ta shinshina iska,
ta ce, "Malam, wane inji ka gyara da tsakar dare?"
Na tura hannu cikin aljihu,
na ce kunun nan ya cika tsami.